Agogo Biyu a Hanyar Durun

Malam Sharfaddeen malamin lissafi ne a wata sakandare a Gwarzo, kuma tun ranar da injin 'yar motarsa ya ƙone a hanyar Kano bai sake kama sitiyari da daɗin rai ba. A ranar hira ce ta ɗauke masa hankali, allurar zafi ta hau har ta kwanta a kan ja bai lura ba, sai da hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Daga nan ya koma kan babur ɗinsa, ya ce shi da mota sai dai a ɗauke shi.

Ana nan sai labarin Asta ya zo.

Wata mai tallan nono ce, Furera, ta kawo shi har tsakar gidansu a Unguwar Tudu, a farkon watan Satumba, gero ya fitar da kai, hutun makaranta bai ƙare ba. Tana zuba wa Inna Hajjo, kakar Sharfaddeen, kindirmo a kwano, sai ta ce ai a can bayan Durun, a wata ruga da ake kira Mai Kanya, an dawo da wata tsohuwa daga kudu. Duk baƙon da ya je sai ta tambaye shi ko ya san Hajjo ta gidan Arɗo Badamasi.

Inna Hajjo ta daɗe tana kallon kwanon. Asta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara sittin da ɗoriya ke nan da mijin Asta ya kora shanu suka yi kudu. Da fari saƙo yana zuwa, daga baya ya ɗauke, har aka sa sunanta cikin waɗanda ake roƙa wa gafara.

"Gobe zan je," in ji ta.

Mota kuwa akwai ta a gidan. Tsohuwar jif ce fara, mai jan ƙafa huɗu, tana kwance a ƙarƙashin darbejiya. Ta Baba Datti ce, mahaifin Sharfaddeen, wanda ya yi shekara talatin yana kai masu haƙar rijiyar burtsatse dazuka, da aikin ya ƙare motar ta zama tasa. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Amma duk safiyar Juma'a sai ya lallaɓa ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana saurare har ta yi ɗumi.

"Kai za ka ja," ya ce wa ɗansa.

"Baba, ni? A wannan laka? A nemo direba mana."

"Ba a ba wa baƙo linzaminta. Kai ne idona, ni ne kunnenka. Abin da zan ce ka karanta min kawai za ka karanta."

Abin da za a karanta ɗin wasu ƙananan agoguna ne guda biyu da Baba Datti ya sa aka ɗaura masa a gefen sitiyari tun yana aiki. Ba allura gare su ba, lamba suke nunawa da koren haske. Na hagu yana faɗin zafin ruwan lagireto, na dama yana faɗin zafin baƙin mai. Allurar da motar ta zo da ita, a cewarsa, kunya ce da ita kamar sabuwar amarya, ba ta buɗe baki sai abu ya riga ya ɓaci.

Da hantsi suka fito. Inna Hajjo ta zauna a baya, ta rungume ƙullin goro da man shanu a kwalba da wani tsohon zane saƙi da ba wanda ya taɓa ganin ta fito da shi. Baba Datti yana gaba, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen da ke tsakanin kujeru.

"Karanta."

"Ruwa sittin da biyu. Mai arba'in da takwas."

"To, a hankali. Ba ta gama farkawa ba. Da safe ruwa ne ke riga mai ɗumi. In an yi nisa mai zai wuce shi, kada ka tsorata."

Suka ratsa Gwarzo, suka hau kwalta suka nufi Kabo. An yi ruwa da asuba, sama ta wanku, gajimare yana tafe ƙasa-ƙasa kamar auduga da aka shanya. Gonaki sun rufe hagu da dama. Dawa ta wuce kan mutum, gyaɗa ta shimfiɗa, masara ta yi gemu. Sharfaddeen bai ga ko ɗaya ba. Idonsa daga titi sai agogo, daga agogo sai titi.

"Baba, ruwa tamanin da takwas!"

"Alhamdu lillahi. Nan ne gidanta. Daga tamanin da biyar zuwa casa'in da biyar duk tsakar gida ne. Mai fa?"

"Casa'in da shida. Baba, saura huɗu ya kai ɗari. A ɗari fa ruwa ke tafasa."

"Ruwan shayinka ke tafasa a ɗari. Mai ba ruwa ba ne. In bai kai nan ba ma, danshin da ke cikinsa ba zai fita ba. Shi kuma na lagireto a toshe yake da murfi, ba kamar tukunya buɗaɗɗiya ba, yana wuce ɗari bai tafasa ba. Ka bar min motata ta yi ɗuminta."

Daga baya Inna Hajjo ta ce, "Wannan miji nawa, ashe matsoraci na aura. Lissafi ya cinye masa zuciya."

"Ke dai tsohuwa ki riƙe man shanunki," in ji Sharfaddeen, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A Kabo suka bar kwalta. Hanyar Durun jar ƙasa ce, ruwa ya ci gefenta, amma tana biyuwa. Sai da suka wuce garin, suka yi tambaya wurin wasu masu cirar ciyawa, sannan aka nuna musu wani burtali da ya kurɗa tsakanin gonaki. Baba Datti ya sa aka tsaya, ya kama hannun ɗansa ya ɗora a kan ƙaramar giya.

"Ja ta nan. Yanzu ƙafafu huɗun duka suna aiki. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka tsaya a tsakiyar yashi."

Burtalin ya haɗiye su. Ciyawa ta yi tsawo har tana shafar gilashi, kan ƙyasuwa yana kakkaɓa a gaban motar, wasu ƙananan fararen malam-buɗe-littafi suna tashi garke-garke suna sake sauka. Hasken rana ya zama kore. Motar tana tangaɗi a hankali kamar kwalekwale, ta nutsa hanci a laka ta ɗago, ta sake nutsawa. Sai suka gangara wani faffaɗan rafi, yashi jiƙaƙƙe, ruwa siriri yana bin tsakiyarsa. Injin ya sauya murya, ya yi nauyi.

"Casa'in da uku," in ji Sharfaddeen. "Casa'in da shida. Baba, casa'in da takwas! Mai ɗari da goma! In kashe?"

"Ka kashe a cikin yashi mu kwana? Taka dai yadda kake takawa. Yi shiru ka ji."

Ya yi shiru. Can sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin bonet, kamar iska ta shiga kogon kuka.

"Ka ji ta? Fanka ce ta kama. Kai in ka ɗauki buhu ka hau tudu ba ka gumi? Wannan zafin aiki ne, ba zazzaɓi ba. In mun haye ka ga ko ba zai sauka ba."

Suka haye. Kafin su yi tafiyar kiran salla ɗaya, ruwa ya dawo casa'in da ɗaya, mai ya tsaya a ɗari da huɗu yana sauka sannu a hankali. Sharfaddeen ya ji kafaɗunsa sun saki. A karo na farko ya dubi waje, ya ga wata ɗorawa ita kaɗai a tsakiyar gonar gyaɗa, balbelu sun rufe ta fari fat, ba ko ɗaya da ke motsi.

"Nan duk daji ne a da," Inna Hajjo ta ce, ba da kowa take ba. "Nan muke zuwa ɗiban kanya ni da ita. Ita ce mai hawa. Ni ina ƙasa da zane a buɗe. Ran nan reshe ya karye da ita, ta faɗo a kan gwiwa, ta ce in na faɗa a gida ba za ta ƙara yi min kitso ba. Har yau ban faɗa ba."

Baba Datti ya juyo da fuskarsa baya kaɗan. Uwar ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi, ko yanzu da furfura ta cika masa gemu. Abin da take so ya ji, gilashin taga take gaya wa.

Rana ta take tsaka. Sun ratsa wata fadama mai laka baƙa, sun sake shiga ciyawa, sannan hanya ta miƙe a kan fako, ba tudu ba yashi. A nan ne Baba Datti ya ɗaga hannu.

"Fankar nan ba ta huta ba tun fadama. Karanta."

"Casa'in da tara." Sharfaddeen ya faɗa da muryar wanda ya riga ya koyi darasi. "Zafin aiki ne, ko?"

"Wane aiki take yi a nan? Hanya shimfiɗe kamar tabarma. Sake karantawa."

"Ɗari da biyu. Ɗari da huɗu. Mai ɗari da goma sha takwas."

"To, wannan shi ne. Nemi inuwa ka tsaya. Kada ka kashe ta nan take, bar ta tana numfashi."

Wata babbar tsamiya ce a gefen hanya. Sharfaddeen ya tsaya ƙarƙashinta, warin ranar hanyar Kano ya dawo masa a hanci, ko da yake babu hayaƙi ko kaɗan. Ya buɗe bonet, ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto, sai ya ji sandar mahaifinsa a kan wuyan hannunsa.

"Kul! Fuskarka kake so ka dafa? Wannan murfin ba a taɓa shi sai ya huce."

Suka jira lambar ta sauko ƙasa da ɗari, sannan aka kashe injin. Shiru ya sauka a kansu gaba ɗaya, har suna jin ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Baba Datti ya durƙusa a gaban motar, ya zura yatsu ta tsakanin ragar, ya shafa, ya ciro wani abu ya murza ya shinshina.

"Ba ciwo ba ne. Hanci ne ya toshe. Laka da kan ƙyasuwa sun yi mata bargo, iska ba ta shiga. In ta huce mu wanke mata."

Suka yi alwala da ruwan jarka, suka yi azahar a kan tabarma. Inna Hajjo ta ciro fura daga ƙullinta ta dama musu. Bayan sun sha, Baba Datti ya jingina da tayar mota yana jan carbi, Sharfaddeen ya kishingiɗa a gindin tsamiyar, ya ce bari ya ɗan rufe ido.

Iska tana kaɗa gero, kan geron yana sunkuyawa yana ɗagowa. Daga cikinsa sai ya ga shanu suna fitowa, farare, masu dogayen ƙahoni, suna tafe ba ƙarar kofato, ba su karya ko kara ɗaya ba. A bayansu 'yan mata biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajera, kowace da ƙwarya a ka, gajerar tana ɗan ɗingishi tana dariya. Suka wuce ta gabansa, suka ratsa ta cikin motar kamar babu ita, ya so ya kira su bai san da wane suna ba. Yana jin ƙamshin nono da hayaƙin kara, yana jin wani yana kaɗa harshe yana kiran saniya daga nesa.

Da ya buɗe ido, shanun suna nan. Na gaske ne, sun cika burtalin, suna wucewa a hankali suna kaɗa wutsiya. Kakarsa tana tsaye a tsakiyarsu, ita da sai an kama mata hannu take sauka daga dakali. Ta ɗora tafinta a wuyan wata farar saniya, saniyar ta tsaya cak, ta lumshe ido. Makiyayin, wani dattijo mai malafa, ya rataya sanda a kafaɗa yana kallonsu.

"Inna Hajjo!" Sharfaddeen ya miƙe.

"Bar ta," in ji Baba Datti a hankali, ko da yake ba ganinta yake ba. "A cikinsu aka haife ta."

Da shanun suka wuce, ta dawo da wata 'yar tsintsiya da ta ɗaure da kan ciyawa mai laushi, ta miƙa wa jikanta. "Ungo, ka share wa kishiyar tawa hanci."

Makiyayin ya nuna musu wani kududdufi a bayan gona. Sharfaddeen ya yi sawu huɗu da jarka. Yana zuba ruwa da buta ta bayan lagireto yana biyo lakar waje, yana sharewa ta gaba da tsintsiyar, mahaifinsa yana bin wurin da yatsa yana cewa, "A hankali, haƙarƙarinta ba ƙwari." Baƙin ruwa ya riƙa zuba, da ciyawa, da fikafikan malam-buɗe-littafi. Sai da Baba Datti ya dafa murfin ya ji ya yi sanyi sannan ya yarda aka buɗe. Ruwa yana nan cike har wuya, ko ɗigo bai ragu ba.

"Ka gani? Ba ta zubar ba, ba ta tafasa ba. Da ka tsaya tun a rafi, da ka tsaya a banza. Da ka ƙi tsayawa a nan, da ka yi ɓarna. Ba lambar kaɗai ake dubawa ba, ana duba abin da motar take yi lokacin da ta faɗe ta."

Suka tayar. Ruwa ya hau tamanin da tara ya zauna, mai ya zauna a ɗari. Makiyayin ya ce Mai Kanya tana bayan wancan tsaunin, su bi sawun shanunsa, ba za su ɓata ba.

La'asar ta kusa suka isa. Bukkoki ne guda bakwai da ɗakin kwano ɗaya, da kanya babba a tsakiya, 'yan maruƙa a ɗaure a igiya ɗaya. Mata suka fito suna marhaba, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa, gaisuwa ta yi tsawo, an tambayi gida da hanya da damina da gajiya. Inna Hajjo tana amsawa, amma idonta yana kan wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi a kife a gindin kanyar, 'yar ƙarama, ta bushe kamar kara, tana ɓare gyaɗa a faifai.

Ta tashi ta nufe ta ita kaɗai. Ta tsaya a gabanta. Tsohuwar ta ɗago kai, ta kare ido da hannu.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

"Daga Unguwar Tudu."

"Unguwar Tudu." Ta maimaita sunan kamar tana tauna shi. "To ko kin san wata Hajjo, ta gidan Arɗo Badamasi? Doguwa ce, fara, tana da wushirya."

Inna Hajjo, wadda ta rankwafa, ba haƙori ko ɗaya a gaban bakinta, ta ce, "Na san ta."

"Tana raye?"

Inna Hajjo ta matso. Ta durƙusa da ƙyar, ta kawar da faifan gefe, ta kama hannun tsohuwar biyu ta ɗora a fuskarta. Yatsun suka bi goshi, suka bi tsagar da ke gefen ido, suka tsaya. Gyaɗa ta zube a ƙasa, kaji suka taru, ba wanda ya kore su.

"Adda?" in ji Asta, yadda take kiran yayarta tun suna yara, da wata murya siririya ta yarinya.

Ba su yi kuka da ƙarfi ba. Sun haɗa goshi sun daɗe a haka, kafaɗunsu suna rawa. Sannan Asta ta fara magana da Fillanci, da sauri, kamar wadda ke tsoron lokaci zai ƙare, Inna Hajjo kuma ta amsa mata da shi. Sharfaddeen ya tsaya baki buɗe. Shekararsa arba'in a gida ɗaya da ita, bai taɓa jin ta haɗa jimla biyu da harshen ba. Yanzu ga shi yana zuba daga bakinta, har muryarta ta sauya, ta yi sama, ta yi zaƙi.

Ya zauna kusa da mahaifinsa. "Baba, me suke cewa?"

Baba Datti ya karkata kunne, ya daɗe. "Na manta yawancinsa," ya ce. "Ina jin suna ƙirga waɗanda suka rasu ne. Ga sunan kawuna nan ya wuce." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "A'a, tsaya. Yanzu kuma faɗa suke a kan wata ƙwarya."

Da aka yi la'asar, Sharfaddeen ya je ya durƙusa ya ce hadari yana haɗuwa a gabas, gara su kama hanya kafin rafi ya kawo. Inna Hajjo ta dube shi kamar ta manta da wa ta zo.

"Ku je. Ni ina nan."

"Har yaushe?"

"Sai an yanke gero. Ka ce wa matarka Bilki ta aiko min da maganin ƙafata da ɗaya zanen." Ta juya wajen ƙanwarta, ta nuna Baba Datti da haɓa, ba ta kama suna ba. "Wancan shi ne wanda kika bari a goye."

Asta ta miƙo hannu. Baba Datti ya matso a kan gwiwoyinsa, ya cire rawani, ya sunkuyar da kai, ta shafa furfurarsa tana yi masa wata waƙar reno, ƙasa-ƙasa, tana mantawa tana komawa farko. Sharfaddeen ya koma kan tabarma ya zauna, ya karɓi ƙwaryar nonon da aka miƙo masa, ya bar su su gama.